Littafin Baffa da Ya Haye Teku

A shekarar da Arewa ta karɓi mulkin kanta, bayan an gama bukukuwa an kwashe rumfuna, damina ta zauna sosai, Allah ya karɓi ran Baffa, yayan mahaifina, a gidansa da ke Unguwar Shanu. Ranar Talata ce da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Kwana uku zaure bai rabu da mutane ba. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Zazzau, wasunsu da furfura, suka zauna a inda suka saba zama tun suna samari, ba wanda ya yarda ya taka buzunsa. Wata tsohuwa ta tako da ƙafa daga Kawo cikin ruwan sama. Da ta gama yi wa Inna, matar Baffa, gaisuwa, sai ta tsaya a bakin zaure da wata takarda a ƙulle a gefen zanenta, ta ce, "To ni yanzu wa zai karanta mini?" Mai unguwa kuwa abu guda ya yi ta maimaitawa ga duk wanda ya zauna kusa da shi: "Daga yau kowa zai faɗi abin da ya ga dama a unguwar nan." Akwai kuma wani akawun gwamnati da ya zo kwana ukun nan duka, yana zama a ƙarshen tabarma, bai ɗaga kai ba, bai taɓa ƙosan sadaka ba.

An yi ta ambaton alherinsa, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai abin da kowa a wurin ya sani, ba wanda ya ambata. Baffa ya shafe shekara biyar na ƙarshen rayuwarsa yana neman gafarar mutum guda, bai kuwa ji ta da kunnensa ba. Ina so in rubuta wannan tare da sauran, don idan aka bar shi ba a san Baffa ba.

Malamin allo ne, amma abin da ya fi so shi ne karatun hadisi, wanda ya yi shekaru yana yi a Zazzau. A can ya koyi cewa ba a karɓar magana sai an san wanda ya kawo ta, da wanda ya gaya masa, har a kai ga tushe. Wannan tarbiyya ta bi shi har cikin gida. Idan ka ce masa an yi ruwa a Katabu, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Daga wa ka ji?" Idan ka ce mutane ne ke faɗi, sai ya ce, "Mutane ba suna ba ne." Inna ta taɓa gaya masa gishiri ya ƙare, ya yi mata tambayar nan bisa sabo, ta ce, "Daga tukunya, Malam. Ko in kawo ta ta yi shaida?"

Shi ke karanta wa unguwa wasiƙu. Matan da mazansu ke aikin jirgin ƙasa a nesa, da tsofaffin da 'ya'yansu suka shiga soja, duk wurinsa suke zuwa. Yakan karanta sau biyu, a hankali, ya ninke takardar ya mayar wa mai ita, ya ce, "Na manta." Kuma ba a taɓa jin abin da ke cikin wasiƙar wani a bakinsa ba. Idan labarin mutuwa ne, sai ya aika a kira wata maƙwabciya ta zauna kusa da matar tukuna, sannan ya buɗe baki.

Abokin wasansa a duniya shi ne ƙanin Inna, wanda dukanmu muke kira Kawu. Kawu mai gyaran keke ne, rumfarsa na bakin hanya, kuma shi ne bakin unguwa. Duk wanda ya kawo faci sai ya tafi da labari. Kullum bayan la'asar zai shigo zaure da hannu baƙi ƙirin, ya ce, "Malam, yau na zo maka da wani mai zafi." Baffa ya ce, "Zauna, mai keke. Fara cire rabin da ka ƙara a hanya, ka ba ni sauran." Kawu ya ce, "In na cire ai ba za ka ji daɗinsa ba. Miya ma sai da daddawa." Su yi ta dariya, su ci tuwo a kwano guda. Shekara ashirin suna haka.

Bayan ƙidayar mutane da kamar shekara guda, aka kafa akwatin rediyo a ƙofar gidan mai unguwa. Da yamma maza su taru su ji labarai. Baffa bai hana kowa ba, amma bai sake da akwatin ba. Yakan ce mai magana ne wanda ba a ganin fuskarsa, ba a san ubansa ba, kuma ba a iya tambayarsa.

Ba a daɗe ba wani Bature ya zo daga wata babbar makaranta a Ingila. Ba jami'in mulki ba ne, ɗan bincike ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Abin da yake so ya sani shi ne, idan akwati ya faɗi magana, ina take zuwa, ta bakin wa take bi, kwana nawa take yi kafin ta kai cikin gidaje wurin matan da ba sa fita, kuma da wace kama take isa. Ya nemi mai unguwa ya haɗa shi da mutum mai rubutu wanda jama'a suka yarda da shi. Mai unguwa ya kawo shi zauren Baffa, tare da akawun nan da na ambata, shi ne tafinta. Ina wurin.

Da farko Baffa ya saurara ne don kunya. Amma da ya gane abin da ake nema, sai na ga ya gyara zama. Ya juya ga akawu ya ce, "Tambaye shi, su ma suna da wannan ilimi a ƙasarsu?" Bature ya ce sabon ilimi ne, yanzu ake fara shi. Baffa ya yi murmushi ya ce, "Gaya masa a wurinmu ya tsufa."

Kafin su tashi Bature ya faɗi wata magana, kuma na ji ta da kunnena. Ya ce ba ya bukatar sunan kowa. A rubuta kawai wani tela, ko wata mai ƙosai, ya isa. Baffa ya gyaɗa kai. Da suka fita ya ce mini, "Yaron kirki ne, amma bai san aikin ba tukuna. Wani tela ba ya shaida. Labari ba suna ai jita-jita ne. Zan yi masa yadda ake yi, ya je ya nuna wa malamansa."

Wata huɗu ya yi yana wannan aiki, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba. Da yamma ya zauna gaban akwatin da yake ƙi, ya rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma cikin ajami. Kashegari ya bi sawun maganar, daga rumfar tela zuwa mahauta, daga mahauta zuwa bakin rijiya, Inna kuma ta kawo masa abin da ya iso cikin gidaje. Na tuna ranar da akwati ya ce ruwa ya taɓa wata gada, motoci su dakata. Kafin kwana biyu, a bakin rijiya, gadar ta karye da mota a kanta. Baffa ya bi maganar baki baki har ya gano inda motar ta hau gadar. A rumfar Kawu ta hau.

Da ya gama, sai ya yi abin da malaman hadisi ke yi a ƙarshen aiki. Ya ware shafuka ya jera sunayen duk waɗanda labari ya bi ta bakinsu, kowa da hukuncinsa. Wane amintacce ne. Wane yana da mantuwa. Wane yana jin rabi ya cika sauran da zato. A kan Kawu ya rubuta: "Mutumin kirki ne mai tsoron Allah, ba ya ƙarya da gangan. Amma labari ba ya fita bakinsa yadda ya shiga kunnensa. Kada a karɓi labarinsa idan shi kaɗai ya zo da shi."

Ya nuna mini shafin. Na karanta, na mayar masa, ban hana shi ba. Shi ne malamina, kuma a zatona littafin zai tafi ƙasar da ba wanda ya san Kawu. Shi ma zatonsa ke nan.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne Bature ba ya karanta ajami. Ya ba akawu littafin ya juya masa zuwa boko a kan tafireta. Akawu ya kai shi gida, ya iso shafukan nan, dariya ta kama shi, ya karanta wa abokansa a ƙofar gida. Ba da mugunta ya yi ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta shiga unguwa, kuma ta shiga yadda magana ke shiga: mutumin kirki da tsoron Allah duk suka zube a hanya, layin ƙarshe kaɗai ya iso. Bature kuwa ya haɗa littafin da takardunsa ya hau jirgin ruwa. Mutane suna ta raɗa, Kawu kaɗai bai ji ba.

Azumin shekarar ya faɗo a bazara. Ranar da ake duban wata Kawu ya kai wa wani mutum keke a Katabu, a hanyar dawowa ya tsaya sallar magariba a fili, ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata. A Kaduna hadari ya rufe yamma. Ya tuƙo keke da gudu, ya iske mutane a ƙofar masallaci, yana haki ya ce, "Na ga wata! Wallahi na gan shi da idona!"

Liman ya ce masa da taushin murya ana bukatar mutum biyu, akwai wanda ya gani tare da shi? Da a nan aka tsaya, da ba komai. Sai wani daga baya ya ce, "Ko da goma ake nema, kai ba ka ciki. Ai Malam ya rubuta wa Bature, kada a karɓi labarinka kai kaɗai." Aka fashe da dariya. Kawu ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba wanda maganar ta zo wa a sabuwa. Ya juya kan kekensa.

Shi kaɗai ya tashi da azumi. Da hantsi, bayan kowa ya karya kumallo, akwati ya sanar an ga wata a wasu garuruwa, yau ɗaya ga Ramadan. Unguwa guda sai da ta rama kwana ɗaya bayan Salla.

A ranar Kawu ya shigo zauren Baffa, bai zauna ba.

"Malam, kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta."

"Da sunana?"

"Da sunanka, da na mahaifinka."

"Shekara ashirin kana gaya mini a kan tuwo ina dariya, na ɗauka wasa ne. Ashe kana tarawa ne ka kai wa Bature. Ɗauko ka goge."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana Ingila."

Daga nan aka shiga abin da ba wanda ya iya gyarawa. Baffa, wanda bai taɓa taka ofis ba, ya sa babbar rigarsa ya je ya zauna a benci tun safe har azahar, aka ce masa ba su da iko da Baturen makaranta. Ya sa akawu ya rubuta wasiƙa yana roƙon a dawo da littafin ko a ƙone shi. Bayan watanni amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Bature ya ce ya yi baƙin ciki, ba zai buga sunan kowa ba, lamba zai sa wa kowane mutum. Amma littafin ya riga ya shiga ɗakin ajiyar makarantarsu, ba shi da ikon fitar da shi. Ya ce malamansa sun yi mamakin kyan aikin, kuma Malam ya kwantar da hankalinsa, an ajiye shi inda ruwa ko gara ba za su taɓa shi ba har shekaru masu yawa.

Baffa ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya ce, "Ni ina roƙon Allah gara ta cinye shi, shi yana yi mini albishir ya tsare shi daga gara."

Ya aika wa Kawu cewa zai miƙe a masallaci ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Kawu ya aiko da sharaɗi guda: ya ce abin da ya rubuta ba gaskiya ba ne. Baffa ya kwana uku a kan wannan. Sannan ya ce wa Inna, wadda ke kai da kawo tsakaninsu, "Laifina shi ne na ci namansa da alƙalami, na miƙa wa baƙo. Wannan zan faɗa a ko'ina. Amma ba zan wanke giba da ƙarya ba." Inna ta ce, "Kai ba za ka sauko ba, shi ba zai hau ba, ni kuma ku bar ni a tsakiya kamar shanya." Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ya miƙe a masallacin duk da haka, ya faɗi laifinsa, ya maimaita wa mutane farkon abin da ya rubuta a kan Kawu, wanda ya zube a hanya. Kawu bai zo ba ranar. Mutane suka saurara da ladabi, amma abin da ya zauna ya zauna. Yara ma in ɗayansu ya faɗi abin mamaki sai su ce, "Kai kaɗai ka zo da shi?"

Dukansu biyu suka canja. Kawu ya daina ba da labari. Ka kai faci ya yi maka shiru, ka tambaye shi me ake ciki ya nuna maka ƙofar mai unguwa da sifana ya ce, "Ga akwati can." Baffa kuma ya daina tambayarsa ta kullum, ka gaya masa abin da ka ga dama ya ce Allah ya kyauta. Kowace Salla yakan taka har rumfar Kawu ya yi sallama, Kawu ya amsa don ba a ƙin amsa sallama, idonsa a kan taya. Baffa ya ce, "Na zo neman abin nan." Kawu ya ce, "Littafin ya dawo?" Baffa ya tsaya kaɗan, ya juya. Salla goma na raka shi, ƙarama da babba.

Ciwon ajalinsa bai wuce mako biyu ba. Inna ta aika wa Kawu sau biyu, ya ce yana zuwa, bai zo ba. Daga baya ya gaya mini yakan zo har bakin lungu ya koma. Ranar Litinin da la'asar Baffa ya kira ni, ya ce in matso.

"In Allah ya yi ikonsa, kada ka aika kowa. Kada ka gaya wa liman, kada ka gaya wa mai unguwa. Ka je wurin mai keke, ka ce na ce shi zai sanar. Shi kaɗai."

Na ce, "Baffa, in ya ƙi fa?"

Ya ce, "To ya ƙi. Ba ni da wani abin da zan ba shi."

Da ya cika, na roƙi Inna da matan gida su danne kukansu na ɗan lokaci. Ban san yadda suka iya ba. Na fita ta lungu, na iske Kawu ya kifa keke yana ɗaura sarƙa. Na faɗa masa rasuwar, na faɗa masa saƙon. Ya saki sarƙar.

"Ni?" ya ce. "Wa zai yarda da ni?"

Na ce, "Haka ya ce, Kawu."

Ya goge hannu a tsumma, bai hau keke ba, ya tafi da ƙafa. Na bi shi daga nesa. Ya fara da ƙofar mai unguwa, inda dattawa ke zaune. Na ga ya tsaya, na ga bakinsa ya motsa. Mai unguwa ya dube shi, bai waiwaya neman wani ba, bai aika a dubo ba. Ya miƙe tsaye yana salati, sauran suka miƙe tare da shi. Daga nan Kawu ya wuce gidan liman, ya wuce mahauta, ya bi gida gida har bakin rijiya, kuma ko'ina ya fito sai ka ga mutane sun biyo bayansa suna neman takalma.

Ya dawo lokacin da ake wanka. Ya ja ni gefe, bayan zaure, ya riƙe hannun rigata.

"Ɗana, na ce musu ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Kowace ƙofa na faɗa. Ba ka gaya mini haka ba, kuma ban gani ba. Haka ne?"

Na ce, "Haka ne, Kawu. Ita ce maganarsa ta ƙarshe."

Ya saki rigata, ya jingina da bango. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka gani ko? Ko yau sai da na ƙara." Hawaye na bin gemunsa. "Bai yi mini ƙarya ba. Tun ranar na sani. Shi ya sa abin ya ƙi wucewa."

Da aka ajiye makara aka daidaita sahu, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi, ko akwai mai wani haƙƙi a kan mamaci. Aka yi shiru irin wanda aka saba. Sai Kawu ya yi gyaran murya daga sahun farko.

"Ni ina da shi, Liman. Kowa a nan ya sani. Shekara biyar yana zuwa neman gafarata ina hana shi." Ya dubi makarar. "Malam, na yafe. Duniya da lahira na yafe. Littafin ya zauna inda yake."

Liman ya jira kaɗan ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Liman ya juya ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu ya yi kabbara.